Akwatunan Lokotoro a Ɗakin Ƙasa

Gure, 11 ga Yuni

Yaya Sufiyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya zafin Yamai, yaya kuma kunnen? Saboda kunnen nan na ɗauki biro, don in na kira ka a waya sai na yi ta ihu har maƙwabta su ji, maganar kuwa ba ta maƙwabta ba ce. Mu nan lafiya lau. An yi ruwan shuka, surukinka Baban Aziza yana gaishe ka.

Ka san Lokotoro Abdulmumini, tsohon likitan garin nan, ya rasu bara. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, amma ban taka ƙofarsu ba. Ina tsakar gida na ji liman ta lasifika yana roƙon duk wanda mamacin ya ɓata wa ya yafe masa. Na ci gaba da tankaɗena, ban yafe ba.

To yanzu 'ya'yansa sun kafa ƙungiya, suna gina wani ɗaki da za a riƙa ajiye takardun manyan mutanen Gure, wai don jikoki su karanta. Da na ubansu za a fara. Ginin bai ƙare ba, rufin ɗakin marigayin kuma ya fara yoyo, sai 'yarsa Huda ta roƙi Baban Aziza ya ba su wurin ajiya zuwa kaka. Ka san surukinka, ko akuya ce ta roƙe shi ba ya iya cewa a'a. Na dawo daga kasuwa na tarar da akwatunan katako da kwalaye jibge a shagonmu na siminti.

Sun zo da wata yarinya daga Damagaram, Fa'iza, wadda aikin adana takardu ta karanta. Ta yini tana buɗe akwatunan tana leƙawa da safar hannu, sai ka ce mai karɓar haihuwa. Da za ta tafi ta kulle su, ta yi mini kashedi: a bar su bisa bulo, kada su taɓa ƙasa ko bango, kada danshi ya kusance su, saboda gara. Sannan ta dube ni ta tambaya ko ni ce 'yar Majo Bubakar, babban malamin asibiti, wai in ta dawo tana da magana da ni. Na san abin da ta gani a ciki. Na ce mata ni ce, na juya na shige ɗaki.

Kai kana lakwal, kana bokonka a Damagaram, shekarar da abin ya faru, labari ka ji. Ni da idona na gani. Bazarar sanƙarau ce, kuma shekarar da aka fara siyasar jam'iyyu. Lokotoro ya ɗauki motar likita da jarkokin kananzir ɗin firigo, firijin ajiye allura, ya tafi yawon neman ƙuri'a. Firigo ya mutu, allurar rigakafi ta kwana a zafi. Baba ya ce ta lalace, Lokotoro ya ce shi ne babba, a je a yi. Baba ya hau raƙumi ya yi wa yaran rugage na wajen Kelle. Cutar ta zo ta kwashe su kamar ba a yi musu komai ba. Da aka aiko bincike, Lokotoro ya zauna ya buga rahoto cewa majonsa ne, wato Baba, ya sayar da kananzir.

Aka kori Baba bayan shekara ashirin yana aiki. Ya koma garkar kwari yana sayar da dabino, mata suna janye 'ya'yansu in ya wuce, yara suna kiransa mai allurar ruwa. Shi kuwa wancan ya zama dapite a majalisa, aka rataya masa lambar girma.

Rahoton nan yana cikin akwatunan, ba ni da shakka. In ya shiga ɗakin da suke ginawa, za a sa masa lamba, a ɗauki hotonsa, ɗalibai su zo su kwafa. Jikan Aziza zai karanta cewa kakan kakarsa ɓarawon kananzir ne da ya kashe yara. Wannan ba zai faru ba ina da rai.

Ka tuna ɗakin ƙasan nan na can ƙuryar gida, wanda gara ta cinye wa Inna tabarmi da buhun gero? Jiya na ce wa Baban Aziza ina bukatar shagon, na sa aka mayar da kayan can. Da masu ɗauka suka tafi na zare bulon ɗaya bayan ɗaya, na tura akwatunan suka jingina da bango. Yarinyar da bakinta ta koya mini yadda zan yi.

Kada ka nuna wa kowa wannan takarda. Ka gaida matarka da yara.

Ƙanwarka,
Rahama

Gure, 20 ga Agusta

Yaya Sufiyanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kuna lafiya, da fatan ciwon ƙafar matarka ya yi sauƙi. Amsarka ta iso ta hannun direban da ka ba. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai, shanun mutanen Alakos sun yi ƙiba har ba ka gane su.

Na karanta wa'azinka har ƙarshe. Ka ce amana ce, ka ce mamaci ya riga ya tarar da abin da ya aikata, ka ce in mayar da bulo. Sannu Malam. Ashe Yamai har malanta take koya wa mutum. Amanar da aka ba Lokotoro ta 'ya'yan mutane fa, wa ya yi masa wa'azi a kanta? Kai ka samu ka tafi, ka yi aikinka inda ba wanda ya san sunan ubanka. Ni na zauna a garin nan. Ni aka fasa aure da ni sau biyu kafin Baban Aziza ya toshe kunnensa. Ni na riƙa kai wa Baba fura a garka ina tarar da shi zaune ƙarƙashin dabino yana kallon hannuwansa. Don haka ka riƙe haƙurinka, yana da amfani a wurinka.

Bari in ba ka labarin ma'aikatana. Kullum da safe in na gama shara sai in ɗauki buta in yayyafa ruwa a gindin bangon. Sati biyun farko ban ga komai ba, har na fara zargin garar Gure ma 'yar jam'iyyar Lokotoro ce. Sai ran nan na ga siririyar hanyar ƙasa ta hau gefen babban akwatin. Yaya, na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Yanzu sun lulluɓe gindin akwatunan duka. In na kara kunne ina jin su, ƙus-ƙus-ƙus, ba hutu. Ban taɓa ganin ma'aikatan gwamnati masu himma irin tasu ba.

Ina tsayawa in yi ta tunanin inda suka kai. In ce yau suna cin jawabin da ya yi ranar da aka ba shi lamba. Gobe in ce sun kai kan sa hannunsa, wannan mai doguwar jela da yake ja kamar shi ya halicci biro. Wallahi abinci ya fi yi mini daɗi kwanakin nan, har Baban Aziza ya ce na yi kumatu.

Huda ta kira daga Yamai tana ta godiya, tana ce mini Yaya Rahama, har ta aiko mini da turmin atamfa. Na ba mai wanki. Ba ni da faɗa da ita, tana goye lokacin. Amma ita ta tashi da uba mai hoto a bango, mu kuwa me muke da shi? Ko takarda ɗaya mai rubutun Baba babu a gidan nan. Ranar da aka kore shi Lokotoro ya sa aka kwashe duk abin da ke teburinsa, har biron aljihunsa, daga nan kuma bai sake rubuta ko harafi ba har ya koma ga Allah. Kai ka fi ni tuna rubutun, tunda shi ya koya maka. Ni abin da na riƙe kawai yadda yake lanƙwasa bakwai, ya ja mata ɗamara a tsakiya.

Ita ma Fa'iza ta kira sau biyu. Na ga lambar, na bar wayar ta yi ta kuka. Ba na bukatar 'yar da aka haifa jiya ta tausaya mini a kan ƙaryar da ta karanta.

Kada ka sake rubuto mini maganar bulo. Ka yi mini addu'a ruwa ya kai ƙarshen Satumba. A gaida kowa da kowa.

Taka har kullum,
Rahama

Gure, 17 ga Oktoba

Yaya Sufiyanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Mu ma jikinmu lafiya. An fara girbi.

Sun zo ɗaukar kayan shekaranjiya, Huda da Fa'iza da mota. Na riga na mayar da bulon tun da safe, na share ƙasa, na ɗaura ɗankwalina mai kyau. Da masu ɗauka suka ɗaga babban akwatin sai gindinsa ya zauna a ƙasa, abin da ke ciki ya zubo. Ƙasa ce, Yaya, jar ƙasa mai ramuka, da gara fari fat tana gudu. Sauran ma haka. Na sa salati da ƙarfi kamar kowa, cikina kuwa fari ƙal.

Abin da ke sama ne kawai ya tsira: takardun shaidarsa na makaranta da hotunansa, da yake suna cikin gilashi, da lambar girman a gwangwaninta. Huda ta share hawaye ta ce ƙaddara ce, damina ce, har tana ba ni haƙuri wai sun cika mini ɗaki da ƙwari.

Fa'iza ce ta durƙusa cikin ƙasar tana tonawa da hannu, ba ko safar. Kuka take yi sosai. Na matsa ina yi mata sannu, don in ji daɗina ya cika, na ce ai sai haƙuri, rahotannin Lokotoro sun tafi. Ta ce ba su take yi wa kuka ba. Wai duk rahoton da aka buga aka aika sama, kwafi uku ake yi, ɗaya a Damagaram, ɗaya a Yamai, ta ma riga ta ɗauko hotunansu. Har da wancan na kananzir. Yana nan lafiyarsa ƙalau, da sa hannun mai jela.

Abin da babu irinsa a ko'ina, in ji ta, shi ne manyan littattafan da ke ƙasan akwatunan, waɗanda aka sa a gindi saboda nauyi. Littattafan rangadi ne na shekara ashirin, ruga ruga, rijiya rijiya, tun daga Kelle har Alakos: sunan kowane yaro da na uwarsa, wanda aka yi wa allura, wanda aka karɓi haihuwarsa, wanda ya warke. Lokotoro bai rubuta ko layi ɗaya a ciki ba. Duka hannun Baba ne.

Ta ce a ƙa'idar aikinsu, takarda sunan wanda ya rubuta ta take ɗauka, ko a akwatin wa aka same ta. Tun ranar farko ta gaya wa Huda, Huda ta yarda. Sun ware wa Baba kanta guda ta jera littattafansa a sabon ɗakin, shi kaɗai. Maganar da take son yi da ni ke nan. Kiran da ta yi ta yi, so take in ba ta cikakken sunansa da shekarar haihuwarsa, da ba ta same ni ba ta tambayi liman. Ta buɗe jakarta ta nuna mini ɗan allon da aka riga aka buga: Bubakar Yabawa, Majo.

Ban faɗi ba, ban yi kuka a gabansu ba. Na ce musu zan duba tukunya. Ina jin Fa'iza ta ga sawun akwatunan a jikin bango, don ta daɗe tana kallon wurin. Da za su tafi ta ajiye mini allon a kan turmi.

Na san abin da za ka ce, kada ka ce. Kuma kada ka ɗauka na yafe. Da bai kwashe littattafan ya kai gidansa ba, da suna hannunmu. Ya raba Baba da aikinsa yana raye, ya mutu kuma ya sa ni na ƙarasa masa sauran da butata. Ranar Asabar za a buɗe ɗakin, hotonsa a bango, rahotonsa a kan kantarsa, kantar Baba kuma babu komai. Allah ya isa tsakanina da shi, har gaban abada.

Jiya na yini a ɗakin ƙasa da rariyar tankaɗe. Na tankaɗe ƙasar nan kaf. Abin da na samu guntun takarda ne, shi ne na naɗe a ƙyalle na sa cikin ambulan ɗin nan, ka buɗe a hankali, bai kai tafin hannu ba. Ba a gane sunan yaron, gara ta cinye rabinsa. Amma akwai bakwai a gefe, da ɗamararta.

Ka duba ka gaya mini ko hannunsa ne, don kai ka fi ni sani. In ka gani ka ba direban ya dawo mini da takardar. Ita kaɗai ce.

Ƙanwarka,
Rahama