Madubinka da Rumbun Baba

Badagishiri, bazarar 1975

Ya hasken idona, sanyin randata a tsakar rana, gawon da ke ba ni inuwa lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, gwanin lantarkin kamfanin siminti na Malbaza, Isufu nawa! Ka karɓi gaisuwa daga wadda ke sonka, da kuma daga abin da ka rage na rumbun mahaifinta.

Wace budurwa ce a kwarin nan ta kai ni sa'a? Sauran 'yan mata idan an zo zance wurinsu, ce musu ake yi barewa, a miƙa musu goro da turare. Ni kuwa Allah ya zaɓo mini wanda zai zauna a bakin tabarma, ya tsinci kara yana zana mini kibiyoyi a ƙasa. A bakinka na ji cewa ba a yi aiki ba sai ƙarfi ya gusar da abu daga inda yake. A bakinka na ji cewa mutum biyu za su iya jan guga ɗaya daga rijiya ɗaya, aikinsu daidai, amma wanda ya riga gamawa ya fi ƙwazo, har da ƙarfin doki kuke auna wannan. Ka ce makamashi ba ya ɓata, kama kawai yake sauyawa: rana ta shiga gero, gero ya zama fura, fura ta koma damtse. Ni kuma sakarya ina gyaɗa kai, ina kallon bakinka, domin wallahi ko lissafin ƙafafun jaki kake yi zan saurara.

Ka tuna ranar da ka sauko daga motar siminti ɗauke da wani faifan ƙarfe mai ƙyalli, ya fi ƙofar zaurenmu faɗi? Ka ce madubi ne mai tara hasken rana wuri ɗaya ya mai da shi zafi. Ka ce za ka dafa wa Baba shayi babu itace babu gawayi, ya san 'yarsa ba ƙaramin miji za ta aura ba. Ka kafa shi a gindin rumbu don kada iska ta ture shi. Kai, hikima!

Sai ga Baba ya fito. Ka zube a gabansa kamar yadda ɗan mutunci ke yi wa suruki, kai a ƙasa, ido a ƙasa. Ka san Baba da gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi Malbaza, ya tambayi iyayenka da ƙannensu da dabbobinsu. Rana ta gusa, haskenka ya bar butar shayi ya hau kan jinkar rumbu. Ina leƙe ta katanga na ga hancinka yana motsi, Isufu. Ka ji ƙauri, ka saci kallo ka ga hayaƙi! Amma ina ɗan kirki zai katse surukinsa? Jinka na ci, kana ta amsa lahiya lau. Wane ladabi ya kai wannan? Baba bai waiwaya ba sai da Inna ta ƙwala ihu daga cikin gida.

Kuma gaskiyarka ce, masoyina, babu abin da ya ɓata. Haske ya zama zafi, zafi ya zama wuta, wuta ta zama ihun unguwa da gudun mata da tuluna. Geron farko da muka samu bayan shekarun fari, wanda Baba ke buɗewa ya duba kamar jariri, samansa ya koma hayaƙi ya tafi wajen Illela. Bangon rumbun ya tsage har ƙasa. Shayi dai bai tafasa ba.

Sannan ka nuna mana ƙwazo. Kafin a kashe wutar ka kai bakin hanya, kafin a nemo ka ka ɗare bayan mota. Ƙarfin doki nawa ke cikin ƙafafun nan naka, ya barewar zuciyata? Tun daga ranar saƙonka ke zuwa ta bakin direbobi, wai kunya ta hana ka barci, wai nadama na cin ka. Na auna nadamar da ma'aunin da ka koya mini. Ba ta gusar da ko curin laka ɗaya ba.

To ga abin da ake ciki. Baba bai zage ka ba, da ya zaga ma da sauƙi. Cewa ya yi wuta ƙaddara ce, gudu ne halin mutum. Idan ruwan farko ya sauka rumbunsa na buɗe, zai sa kawu Umaru ya mayar wa iyayenka kayansu, maganar aure ta mutu. Kuma ba ya son ka aiko magina ko buhun siminti. Ƙafarka yake son gani cikin laka.

Ni kuwa na yi abin da ban taɓa yi ba. Ranar kasuwa na ba da akuyata aka ba ni ciyawar jinka, na sa aka sauke ta a ƙofar gida, na dubi tsabar idon mahaifina na ce kai ka aiko, kana tafe. Yanzu kullum da la'asar yana zama a ƙofar zaure yana fuskantar hanyar Malbaza, ni kuma ina daka ina fuskantar gabas, inda gajimare ya fara haɗuwa. Ina tsoro, Isufu. Ina sonka har abin yana ba ni haushi, kuma ban san wanda zai riga isowa tsakaninka da hadari ba.

Ka zo. Ka zo da tsohon wando, ka durƙusa, ka sha kunyarka a gaban mutane, ka tashi ka kwaɓa laka. Ni zan ɗebo ruwan. In ka ƙi, ba zan auri kowa ba, na rantse. Zan tsufa a gidan nan ina tuƙa tuwo mai ƙauri, Baba na kallona a matsayin 'yar da ta yi masa ƙarya saboda matsoraci.

Taka har ƙasa ta rufe idona, ko ka cancanta ko ba ka cancanta ba,

Tsahara