Baba Isuhu Bai Ƙona Inji na Tara Ba

Zuwa ga Baba Isuhu, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da dukkan iyali. Ni ne Tasi'u ɗan Jahun, wanda kuka koya wa ɗaurin zare a masaƙarmu ta Sharada. In wannan sunan ya ɓace muku, to Janareto ne yake gaishe ku.

Na san ko na samu lambar waya aikin banza ne, tunda kunnenku ya daɗe da tafiya. Shi ya sa na rubuta. Da gangan kuma na kai wa jarida, domin akwai mutanen Sharada da nake so su leƙa su karanta. Wani direban babbar mota a Dakata, mai kai kaya wajenku, ya yi mini alkawarin zai damƙa muku ita hannu da hannu.

In aka tambaye ni mutanen da suka gina ni, ba na dogon tunani. Inna ce ta farko, Allah ya jiƙanta. Da i'ina na tashi, irin wadda sai na buga ƙafa a ƙasa kafin kalma ta fito. Ita kuwa saboda tausayi ba ta iya kallon ina wahala, ina buɗe baki za ta ƙarasa mini. Na girma cikin gata, amma har na yi gemu ban taɓa kai zance ƙarshensa da kaina ba. Akwai matata Hadiza, wadda Allah ya hore wa jira. Sai ku, Baba. Kuma ko a gaban wa zan faɗa: Inna ta raine ni, amma a hannunku na samu baki.

A farkon shekarun dubu biyu na zo masaƙa, lokacin da aikin ya fara tangal-tangal, yau a ɗauke wuta, gobe a ce yadin waje ya cika kasuwa. Ban yi mako guda ba aka laƙaba mini Janareto, wai sai an ja ni sau uku kafin na tashi. Ina dariya tare da su, amma Allah ya sani abin yana ci mini rai.

Ɗakin saƙa ne kaɗai inda na huta. Ƙarar injinan ba ta barin kowa ya ji kowa. Da hannu ake magana, ko a kalli leɓe, in abin ya yi tsawo mutum ya kafa baki a kunnen ɗan'uwansa ya kwarara ihu. A nan babu mai i'ina, babu mai zaƙin baki, duk ɗaya muke, gira da gemu fari fat da burbushin auduga.

Ku kuwa shekara ashirin da ɗoriya a cikin wannan ƙara ta riga ta cinye muku kunne. Amma ban ga wanda ya kai ku sanin inji ba. Tafin hannu kawai kuke ɗorawa a jikinsa, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta, ku faɗi abin da ke damunsa tun makanike bai buɗe akwatin kayan aiki ba.

Wata rana muna cin ƙosai a gindin darbejiyar bakin ƙofa, kuka ƙura wa bakina ido, kuka ce da babbar muryar nan taku da ba ku san ƙarfinta ba: “Kai yaro, a ciki bakinka sumul yake tafiya. Sai mun fito nan yake cijewa.” Na ɗauka ku ma tsokanata kuke yi, na ɓata rai. Kuka ce, “Ni ba jin ka nake ba, ganin ka nake.” Ban yarda ba. Na ce a raina, kurma ne zai ba ni labarin muryata?

Sai maganar inji na tara ta taso. Ranar wata Talata kuka dafa shi, na ga fuskarku ta canza. Kuka yafito sufabaizan ɓangarenmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba don yana da 'ya'ya, kuka nuna masa boris ɗin injin, wato ƙarfen da sandarsa ke juyawa a kai, ya ci, a kashe shi a gyara. Ina tsaye a gefenku da zare a hannu. Ya nuna agogo, ya nuna tarin aikin da ake jira, ya kaɗa hannu a ci gaba. Ranar Alhamis injin ya turnuƙe da hayaƙi, ya ƙone, ya lalata bandir guda na yadi.

Kafin la'asar sufabaizan ya kai takarda ofis, wai kurma aka bar wa inji, yana ta kuka bai ji ba. A lokacin ana ta rage ma'aikata, kowa na tsoron bakinsa ya jawo masa. Mutum huɗu ne suka ga abin da na gani, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ja musu kunne. Ni ko kallona bai yi ba. Me Janareto zai iya faɗa?

Ba korar ce ta fi damunku ba, na sani. Cewa kuka yi, “In za a sallame ni a sallame ni, amma ba zan koma gida da sunan maɓarnaci ba.” Wannan maganar ce ta sa na je na ce zan ba da shaida.

Ofishin manajan ma'aikata shiru kamar maƙabarta, sai sanyin iyakwandishan. Aka ce na faɗi abin da na gani. Na kama kalmar “ranar” na kasa sakinta. Na buga ƙafa, zufa ta karyo mini, manaja ya dubi agogo sau biyu, sufabaiza yana danne dariya. Aka miƙo mini biro, to a wancan lokacin rubutuna bai fi bakina ba. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Ga gaskiya cike da cikina, ga mutuncinku a kan tebur, harshe ya ƙi.

Sai kuka miƙe. Kuka ce, “Ranka ya daɗe, wannan yaron ba a nan yake magana ba. A zo mu je gaban injin.” Ina jin manaja ya yarda ne don dama yana son ganin ɓarnar da idonsa.

Muna shiga ƙara ta rufe mu. Kuka dafa ƙeyata kuka tura ni kusa da kunnensa, yadda muke yi wa junanmu. Na rufe ido na buɗe maƙogwaro. Ban ji ko kalma ɗaya daga abin da nake faɗa ba, amma na ji tana fita, wata na bin wata, tun daga Talata har Alhamis, har da agogon da aka nuna muku. Da na buɗe ido, manaja yana kallona baki sake, ku kuwa kuna gyaɗa kai kamar wanda ya daɗe da sanin labarin.

Manaja ya ce in da gaske hannunku yana ji, ku nuna masa. Kuka bi layin injinan kuna dafawa, kuka tsaya a kan na goma sha huɗu. Makanikai suka buɗe, suka tarar boris ɗinsa saura ƙiris ya cinye. A gabanmu manaja ya yaga takardar.

Ba zan ɓoye muku ba, na biya kuɗin bakina. Sufabaizan bai je ko'ina ba, kuma da aka sake rage ma'aikata sunana ne a sama. Kun zo har ɗakina kuna ba ni haƙuri, na ga hawaye a idonku. Baba, yau nake ba ku amsar da na kasa bayarwa ranar: ko sau goma za a maimaita, sau goma zan shiga ofishin nan. Ban yi asarar komai ba. Kawuna ya ɗora ni a kan injin niƙa a Kumbotso, yanzu nawa ne na kaina, har da na markaɗe. Na koma makarantar manya na gyara rubutuna, ga shi kuna gani. Bayan shekara biyu masaƙar ta rufe gaba ɗaya, kuka tafi gida ina Jahun wajen jinyar Inna, ko sallama ba mu yi ba. Wannan ya daɗe yana damuna.

I'inar ba ta bar ni ba, kada direba ya yi muku ƙarya. Abin da ya bar ni shi ne tsoronta. Tun ranar na gane harshena lafiyarsa ƙalau, sauraren kaina ne yake harɗe ni, ina jiran inda zan faɗi a yi dariya.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro yanzu. Watan jiya Allah ya yi wa Malam Ado mai gadin ƙofa rasuwa, muka haɗu a zaman makoki a Sharada, tsofaffin ma'aikata cike da tabarmi. Ana hirar zamanin da a hankali, sai wani da bai ma yi aiki a ɓangarenmu ba ya ce, ai tun ranar da kurman nan ɗan Nijar ya ƙona inji masaƙar ta fara mutuwa. Wasu suka gyaɗa kai. Ashe takardar aka yaga, ƙaryar tana nan da ranta. Biyu daga cikin mutum huɗun nan suna zaune, suka sunkuyar da kai.

Babu inji a wurin, Baba. Babu ƙarar da zan ɓuya a ciki, ko tari aka yi sai an ji. Na gyara zama na ce a gafarce ni, ina da magana. Na sarƙe a kan sunanku, na tsaya, na ja numfashi, na sake kamawa. Na sarƙe ya fi sau goma. Wani ya so ya taimaka mini, na ɗaga masa hannu. Na ji kowace kalma da kunnena, da gargadarta da komai, ban fasa ba sai da na kai inji na goma sha huɗu. Da na yi shiru, ɗaya daga cikin mutanen nan biyu ya ɗago kai ya ce, “Wallahi haka aka yi, a gabana.” Wanda ya ce kun ƙona injin ya nemi gafara a gaban jama'a, na ce ba ni zai roƙa ba, amma zan isar.

To na isar, Baba. Sunanku a wanke yake a Sharada, kuma muddin ina numfashi haka zai zauna.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa wahalar da kuka sha ta zama kaffara. Allah ya jiƙan Inna da Malam Ado. Kunnen da masaƙa ta cinye, Allah ya musanya muku da wanda za ku ji kiran shiga Aljanna da shi, amin.

Ɗanku har kullum,
Tasi'u mai injin niƙa, Kumbotso.