Dutsen Da Kika Aiko

Zuwa ga aminiyata Doguwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da sauran abokan aikinmu masu binciken duwatsu. Ya rana, ya hawan tsauni? Inna na nan yadda kika sani, ɓarin jikinta na dama bai motsa ba har yanzu. Ni ke juya ta, ni ke ba ta abinci, ɗakin nan ya zama duniyata.

Dutsen da kika aiko ya iso. Amma ke da garaje! Ba ki zana kibiya a jikinsa ba, ta yaya zan san samansa da ƙasansa? Sai da na kwaɓa laka a tsohon kwanon Inna, na ajiye bakin taga ta bushe. Da ta tsage, na ga tsagar tana da faɗi a sama, tana tsukewa a ƙasa. Haka tsagar dutsenki take, sai dai faɗinta yana ɓarin da kika zaci ƙasa ne, don haka na gane a kife kika ɗauko shi. Kuma laka ba ta tsagewa sai ta sha rana. Ku daina cewa a tsakiyar teku dutsen ya samu.

Ki roƙar min shugaban aiki ya ƙara haƙuri da gurbina zuwa ƙarshen wata. Yaya ya yi alkawarin zai zo da matarsa su karɓe ni.

Taki,
Auta

Doguwata,

Ina gaishe ki, ina fatan ciwon gwiwar ya yi sauƙi. An yi ruwa jiya. Da ya ɗauke, na leƙa kwatar da ke ƙarƙashin tagarmu, na ga yashi ya yi ƙananan kunyoyi, gefe ɗaya a kwance, ɗayan a tsaye yana fuskantar inda ruwan ya nufa. Irinsu ne a bayan dutsenki. Kogi ne ya taɓa bi ta wurin da kika ɗauko shi, yana cika yana ƙafewa. Dubi ikon Allah, ni da na taka tsaunuka, yau kwata ce malamata. Na yi dariya, sai kuma kuka ya zo.

Yaya bai zo ba. Ya kira ya ce ai ni mace ce, ni na fi sanin hannun Inna, dutse kuwa ba ya gudu. Raina ya ɓaci, na fiddo jakata na zuba kaya, har da gudumata. Inna tana kallona, bakinta ba ya iya furta komai. Da na zo gyara mata matashi, sai ta kama bakin zanina da hannunta mai lafiya, ta ƙi saki. Wallahi ina son ta, Doguwa, kuma wallahi ina son fita. Ban san yadda zan haɗa biyun ba.

Ki faɗa wa shugaba ya ba wani gurbina. Ba zan iya faɗa masa da bakina ba. Ke dai kada ki daina aiko min da duwatsu.

Taki har kullum,
Auta