Wata Shida-Shida

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali. Ciwon cikin da kake cewa yawan yaji ne, to ba shi ba ne. An yi min hoto, an ga wani ƙullutu mai ruwa a jikin abin nan da ke daidaita suga, can bayan tumbi. Likita ta ce yanzu ba ciwon daji ba ne, amma irinsa yakan juya. Ko in riƙa zuwa hoto wata shida-shida, ko a yanke wajen, wataƙila in ƙare da ciwon suga. Wai in zaɓa. Ni da ko launin zare sai na tambayi mai ɗinkin. Tsoro nake ji, Yaya. Ka zaɓa min, kai ne babba.

Autarku

Auta,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki. Allah ya ba ki lafiya. Ki rage zaman keken ɗinki, ki bi maganar likita. Yara suna gaishe ki.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Likitar ce fa ta turo ni in yi shawara. Da ka ƙi magana na jira wata shidan, kuma ban ji daɗin rana ko ɗaya ba. Jiya sau uku ina ɗinka hannun riga a baibai. An sake hoto, ya ƙaru kaɗan. Ashe in Baba ba ya nan ba ni da kowa? Allah ya bar zumunci.

Auta

Auta,

Sallama. Kina ƙarama lokacin da aka yi wa Baba aiki a asibiti, shi ya sa ba ki sani ba. Ya ce min ba ya so a yanka shi, a bar shi a gida. Ni na lallaɓa shi, ni na sa hannu. Da za a shiga da shi ya riƙe bakin rigata, na ɓamɓare yatsunsa da kaina. Bai fito da rai ba. Shekara goma sha tara ban faɗa wa kowa ba. Ba zan iya cewa ki yi ba, ba zan iya cewa ki bari ba. Ki yafe min.

Yayanki

Yaya,

Sallama. Na sa hannu da kaina, ranar Talata da safe za a yi aikin. Duk yadda ta kasance, babu kai a ciki. Amma ka zo. In na riƙe ka, ka bari sai na sake ka da kaina.

Ka huta lafiya.

Auta