Karan Sigarin da Na Ƙi Karɓa a Hannunka

Zuwa ga aminina Bishir kafinta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Yau wata bakwai ke nan da muka raka ka makwancinka. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma akwai maganar da na kasa faɗa maka kana raye, kuma ta ƙi barina.

Shekara ashirin da wani abu shagon ɗinkina na kallon rumfarka a Ƙofar Durbi. In an sauko daga La'asar sai ka tsallako, garin katako a gashin girarka, ka zauna kan bencina ka kunna kara ɗaya. Ka zuƙa ka miƙo mini, in zuƙa in mayar maka. Ɗabi'ar banza ce, mun sani, iyalanmu sun yi faɗa har sun gaji. Kai kuwa sai ka yi dariya ka ce, "Rabin laifi ya fi cikakke sauƙi."

Sai ka fara rama, idonka ya koma ruwan ɗorawa. Ranar da ka dawo daga asibiti ni ka fara gaya wa, tun kafin Murja matarka ta ji: ciwon hanta ne, nau'in C, kuma ya daɗe yana cin ka ba ka sani ba. Na ce Allah Ya sawwaƙe. A zuciyata kuwa lissafin shekarun da bakina ya bi bayan naka nake yi.

Likita ya hana ka sha, ba ka bari nan take ba. Kwana uku bayan haka ka tsallako kamar kullum, ka kunna, ka miƙo. Na ce maka na daina. Hannunka ya ɗan jima a miƙe. Ka dubi aljihun rigata inda kwalin sigarina yake a fili, sannan ka take karan da takalmi, ka ce madalla, ka yi kyan kai.

Daga nan abin ya zarce. In an kawo maka abinci ka kira ni, sai in ce na ƙoshi. Na ware maka kofi daban a shago. Ka gani, ka rage tsallakowa har ka bari.

A ɓoye na je aka gwada ni, ba a sami komai ba. Na tambayi likitar batun sigari, ta ce ta jini ciwon ke bi, ta allura ko reza ko askar da wani ya yi amfani da ita. Yawu ba ya ɗaukarsa. Ta ce sai in leɓe ya tsage yana jini ne za a ɗan yi fargaba, shi ma ba kasafai ba. Cin abinci kwano ɗaya kuwa babu abin da yake yi. Ta ƙara da cewa akwai magani, in an gano da wuri.

Bishir, ranar ya kamata in wuce gidanku kai tsaye. Kunya ta hana ni. Na rasa ta ina zan fara, na yi ta cewa gobe, har aka rufe rumfarka.

Da na zo gidanku a Ƙofar Marusa duba ka, cikinka ya kumbura, ciwon ya taɓa hankalinka. Murja ta kawo kunu, na ba ka a baki, na shanye ragowar a kofin nan a gabanka don ka gani. Ka bi ni da ido, ka tambaye ta wane ne wannan baƙon.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Murja da yaranka duk an gwada su, lafiyarsu lau, ni na kai su.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. In Ya ƙaddara mana haɗuwa, Ya sa ka gane ni.

Naka, mai neman afuwa,
Isuhu tela