Ranar da na kira Sani a waya

Talata da dare, Dutsin-Ma

Yau na kira namiji a waya! Jiya mun je suna Kurfi, aikin lissafi ya wuce ni, ga Malam ba ya wasa da bulala. Duk ajinmu lambar gidan su Sani kaɗai muke da ita.

Inna ta ce, "Kira, amma a gabana, kowa na ji."

Da babarsa ta miƙa masa wayar, na rikice, na durƙusa har ƙasa na ce, "Ina wuni?"

Yaya Hadiza ta fashe da dariya. "Tashi, amarya, ba ya ganinki!"

Shi ma a rikice ya karanto mini tambayoyin. Na gama duka kafin isha'i, alhamdulillahi. Amma gobe a aji ko kallonsa ba zan iya ba.