Saƙon da ya dawo sau uku

Laraba da dare, Gumel

Har yanzu raina a ɓace yake. Gobe da azahar za a rufe karɓar takardun neman tallafin karatu, kuma sau uku imel ɗina yana dawowa a ɗakin kwamfutar makaranta. Malam Sabo, malaminmu na kwamfuta, ko kallon allon bai yi ba, ya ce, "Ke Hauwa, rubuta adireshi ma ya gagare ki? Sake!" 'Yan aji suka kwashe da dariya.

Alhali na karanta bayanin da ya dawo tare da saƙon. Ba kuskurena ba ne. An saka adireshin IP na makarantarmu, wato lambar da ake gane kwamfutocinmu da ita a intanet, cikin jerin waɗanda ake toshewa, wai daga nan ake ta watsa saƙonnin banza. Tabbas kwamfutar nan ta lungu ce, wadda kowa ke cusa wa filashin kwafar fayil, har ta kwashi cutar da ke watsa su.

Da na dawo gida na roƙi Yaya Binta wayarta. Ta ce, "Kar dai ki shanye mini data, Malama." Na sake turawa ta wayarta, ban canza ko harafi ɗaya ba, saƙon ya tafi nan take. Alhamdulillahi.

Amma ɗazu na buɗe littafina na zangon da ya wuce. Ga darasin toshe adireshi nan, Malam Sabo da kansa ya yi mana shiftarsa. Na san amsar tun a aji. Maimakon in faɗa, sai na sunkuyar da kai na ce, "Yi haƙuri, Malam."

Wannan haƙurin da na ba shi ne ya hana ni barci.